Ranar da Umma ta yi wa Jiya kuka

Ban taɓa jin Umma ta ja wa wani mahaluƙi Allah ya isa da ƙarfi ba sai mutum ɗaya, shi ma ɗin a cikin akwatin talabijin yake zaune, da farar malafa da murmushin da kana gani ka san an cuci wani. J.R. Ewing. Sunan ma bai taɓa zama a bakinta ba, "Jiya" take ce masa, har mu yara muka tashi muna zaton sunansa na yanka ke nan.

Baba ne ya jajibo mana shi. Ya je kwas Ingila a farkon shekarun 1980, ya dawo da na'urar bidiyo da kwali guda shaƙe da kaset, kusan duka Dallas ne da ya riƙa naɗa daga BBC. Kowane kaset ya rubuta masa lamba a baya da jan biro. Da ya dawo, wani abokinsa da ya rage a can ya ci gaba da aiko masa, wani lokaci uku a haɗe, wani lokaci a yi wata shida shiru. Saboda haka Dallas ɗin gidanmu mai giɓi ne. Sai ka bar mace tana amarci a kaset na 14, ka tarar da ita a na 15 tana gaban alƙali ana rabon 'ya'ya, kai ne za ka cike tsakiyar da kanka.

Baba ne tafinta, don Umma tana tsintar Turanci amma ban da na mutanen Teksas masu jan magana ta hanci. Shi ne kuma hukumar tace finafinai. Da ya ga namiji da mace sun fara matsowa kusa da juna sai ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya danna maɓallin gaba, mu kuma mu sunkuyar da kai muna leƙe ta ƙasan ido. Sai da na girma na sake kallo ni kaɗai na gane cewa rabin ta'asar J.R. Baba bai taɓa fassara ta ba. Wato Allah ya isan da Umma ta yi ta ja, a kan rabin laifi ta ja shi.

Ga wanda bai riski zamanin ba: tashar CBS ta Amurka ce ta fara nuna Dallas ranar 2 ga Afrilu, 1978. David Jacobs ya ƙirƙire shi, kashi biyar kacal aka fara yi don a gwada. Gwajin nan bai tsaya ba sai 3 ga Mayu, 1991, zango 14, kashi 357. Labarin iyalin Ewing ne, attajiran man fetur da kiwon shanu, masu zaune a gandunsu na Southfork a wajen birnin Dallas. Tsoho Jock da matarsa Miss Ellie, da 'ya'yansu, babba J.R. da autansu Bobby. Tushen rigimar ya girmi 'ya'yan duka: Jock da wani Digger Barnes sun yi haƙar mai tare tun suna samari, Digger ya rayu ya mutu yana cewa Jock ya cinye masa rabonsa, ya kuma aure masa budurwa, wato Ellie. To a kashin farko sai ga Bobby ya shigo gida riƙe da hannun amarya, Pamela, 'yar Digger ɗin. A kan waɗannan biyun aka so gina shirin. J.R. ɗan rakiya ne a takarda, Larry Hagman, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, shi ne ya ƙwace wasan da girarsa da dariyarsa, har ya zama shi kaɗai ya fito a kowane kashi daga farko har ƙarshe.

Ranar 21 ga Maris, 1980 aka harbe J.R. a ofishinsa da dare, aka rufe zango ba a nuna hannun da ya riƙe bindigar ba. Amurkawa suka yi wata takwas suna jira, don yajin aikin 'yan wasa ya ƙara ja musu lokaci, sai 21 ga Nuwamba aka fasa ƙwan, mutum wajen miliyan 83 suna zaune gaban talabijin a ƙasar kaɗai. Mu namu jiran ya fi nasu. Kaset ɗin da ke ɗauke da amsar, da muka sa, minti uku aka yi sai ga 'yan ƙwallo a fili. Baba ya naɗi wasa a kai bai lura ba. Ya san amsar sarai, amma ya ga abin ya zama nishaɗi, ya ƙi faɗa. Umma ta kafe a kan Sue Ellen ce, matar J.R., ta ce kuma in ita ce to ba ta da laifi ko a gaban wa. Sai da aka shiga kaset na gaba muka tsinci zancen a bakin 'yan wasa: Kristin ce, ƙanwar Sue Ellen ɗin, wadda J.R. yake nema a ɓoye. Wannan ma Baba sai cewa ya yi wai rigimar kuɗi ce ta haɗa su.

Baba ya rasu shekaru kafin a ce za a dawo da shirin. Na'urar bidiyon ta riga shi mutuwa, kaset ɗin suka yi fumfuna a kwalinsu. Da na ji tashar TNT za ta farfaɗo da Dallas a 2012, shekara 21 bayan rufe shi, ban yi murna ba. Na sha ganin yadda ake tono tsohon abu a shafa masa mai a sayar wa mutane da sunan ƙauna, alhali sunan kawai ake so a ci kasuwa da shi. Ban nemi faifan ba sai da shekara ta zagayo, shi ma don Umma ne, da ciwon gwiwa ya zaunar da ita, yini yake mata tsawo.

Na sa faifan ban ce mata komai ba. Taken shirin ya tashi, kiɗan nan na Jerrold Immel mai ƙahonni, kyamara tana shawagi a kan dogayen benayen Dallas da garken shanu da farin gidan Southfork. Tana jan carbi ne, sai na ga yatsunta sun tsaya.

"Auta, wannan ba kiɗan Jiya ba ne?"

"Shi ne, Umma."

"Yana nan da rai?"

Na ce ta jira ta gani. Kuma a nan ne Cynthia Cidre, matar da ta tsara sabon shirin, ta yi abin da ya sa na sauke girman kaina. Ba a nuna J.R. a ofis yana ƙulla tsiya ba. A gidan kula da tsofaffi aka nuno shi, zaune a kujera, ido a buɗe amma ba ya kallon kowa, baƙin ciki ya rufe masa baki. Hagman yana da shekara 80 a lokacin, an yi masa dashen hanta tun 1995, yana kuma fama da ciwon daji a maƙogwaro ana cikin ɗaukar shirin. Ba kwalliya aka yi masa don ya tsufa ba, tsufan ne da kansa. Kumatu sun zube, wuya ya yi yaushi, girar nan ta yi fari fat ta miƙe sama kamar ƙahon rago. Bobby ya zo ya zauna gabansa yana masa magana, ko motsi.

Umma ta matso da kujerarta. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, a hankali, kamar mai gudun kada ya ji, "Kai, duniya. Dubi yadda ya koma."

Sai ɗansa John Ross ya zo ya zayyana masa cewa ya haƙo mai a Southfork, Bobby kuma yana shirin sayar da gandun. Idon tsoho ya motsa. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa zagin ƙaninsa ce, ya kira Bobby wawa. Umma ta buga cinya ta yi shewa irin wadda rabona da ji tun Baba yana da rai. "Na san za a rina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Allah ya isa tsakanina da kai, Jiya!" Tana faɗa tana dariya har da hawaye.

Ranar 13 ga Yuni, 2012 aka fara nuna wannan kashin a Amurka, mutum kusan miliyan 6.9 suka kalla, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga tashar da sai an biya kuɗi ake kama ta. Ina kyautata zaton da yawansu abin da ya zaunar da Umma ne ya zaunar da su. Ba labarin mai suka zo ji ba. Sun zo su ga yadda shekaru suka yi da mutanen da suka sani. Patrick Duffy, Bobby mai baƙin gashi da 'yan mata ke rububi, ya yi furfura kai duka, a shirin ma an ba shi ciwon daji yana ɓoye wa iyalinsa. Linda Gray ta haura saba'in, Sue Ellen ɗinta ta bar kwalba ta fito takarar gwamnan Teksas, Umma ta ce da tana da ƙuri'a da ta ba ta. Ken Kercheval ya dawo a Cliff Barnes, ɗan Digger, har yanzu da tsohon ƙullin ubansa a zuciya. Jock da Miss Ellie kuwa sai hoto a bango da dutse a maƙabarta, don Jim Davis ya rasu tun 1981, Barbara Bel Geddes ta bi shi a 2005. Kowace tsohuwar fuska ta ɓullo sai Umma ta yi mata sannu da zuwa, ta kuma lissafa wa ya rasu a cikin waɗanda muka yi kallon farko da su. Lissafin ya yi tsawo.

Wannan ne ya sa nake ganin hanyar da aka bi da Dallas ta fi wadda aka bi da kishiyarsa Dynasty a 2017, inda aka share komai aka ɗauko sababbin 'yan wasa suka sa sunayen tsofaffi. Can suna aka gada. Nan mutane aka dawo da su, da tamojinsu da sandarsu. Akwai wani wuri da J.R. ya shigo taro yana dogara ƙarfen nan mai ƙafa huɗu na tsofaffi, kowa yana tausaya masa, alhali makirci ne, so yake a raina shi. Babu matashin ɗan wasan da za a ba wannan ya yi ta zauna.

Matsalar tana wajen yaran.

An gina sabon shirin a kan John Ross ɗan J.R., da Christopher ɗan riƙon Bobby. Na farko yana so ya fasa ƙasar Southfork ya kwashi mai, duk da wasiyyar kakarsu Miss Ellie ta hana haƙa a gandun. Na biyu yana neman wata iskar gas da ke daskare a ƙarƙashin teku, wai ita ce makamashin gobe. A tsakaninsu ga Elena, 'yar mai dafa abincin gidan, kowa yana so. A takarda abin ya tsaru. Har da ɗan abin dariya a gefe, don Hagman da ya yi suna da rijiyar mai, a rayuwarsa ta gaske gidansa na Kalifoniya da hasken rana yake aiki, yana kuma yi wa mutane wa'azin su koma can. Amma da yaran suka buɗe baki sai ka ji kamar an ba su aron rigar da ta fi ƙarfinsu. Kyawawa ne duka, kowa kamar yanzu ya fito daga wajen motsa jiki, kowa yana ɗaure fuska yana rantsuwa zai ga bayan ɗan'uwansa. Umma ta kasa bambance su sai da alama: "mai gashin baki" da "mai kuka". An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to John Ross ya yi zango guda cur yana rarrafe. Josh Henderson, mai fitowa a John Ross ɗin, ya zo ya gyara daga baya, ban hana shi haƙƙinsa ba, musamman inda yake tsaye gaban uban yana neman a ce masa ya yi daidai. Amma muguntarsa ta mai fushi ce. Ta J.R. ta mai jin daɗi ce. J.R. zai talauta mutum da safe, da yamma ya dafa kafaɗarsa yana tambayar lafiyar iyali, kuma har zuciyarsa nishaɗi yake. Kai mai kallo sai ka kama kanka kana murmushi tare da shi, sannan kunya ta kama ka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, na daɗe ban gano sunansa ba sai da Umma ta faɗe shi a jimla ɗaya. Muna tsakiyar zango na biyu ta ce, "Wai su mutanen nan ba sa zama cin abinci ne yanzu?"

Shi ke nan. Tsohon Dallas a kan teburi yake. Doka ce a gidan Jock, duk abin da kuka yi wa juna a ofis, da yamma za ku hallara a falo, sannan ku zauna teburi ɗaya, uwa a wannan kai, uba a wancan. Manyan attajirai masu iya sayen unguwa guda, amma ga su cunkushe a gida ɗaya da matansu, ɗaki yana kallon ɗaki. Hankali ba zai ɗauka ba, amma a nan daɗin yake. Wanda ya yi maka zagon ƙasa da rana shi zai miƙo maka gishiri da dare, ba kuma halin ka tanka don Miss Ellie tana kallo. Sue Ellen tana juya kofi hannunta yana rawa, Pamela ta ƙura wa faranti ido, J.R. yana yanka nama yana jefa magana mai harshen damo. Minti biyar za a yi ba abin da ya faru, kuma komai ya faru. Suna da sararin yin haka, don akwai shekarun da suka yi kashi talatin a zango guda. Ƙulli ɗaya sai a yi wata uku ana jan zarensa.

Sabon kuwa kashi 10 ya yi a zangon farko, 15 a na biyu, 15 a na uku, 40 ke nan jimla. Sauri ake kamar ana kora su. A kashi guda a yi cin amana uku, a tona biyu, a yi aure, a ɗauki hoton wani a ɓoye da waya a aika. Kafin ka gama jin zafin abu an wuce shi. Matar Christopher ta tashi daga baiwar Allah ta koma 'yar damfara, ta koma 'yar Cliff Barnes da aka turo ta rusa gidan, ta koma matar John Ross, duk kafin Umma ta riƙe sunanta. An ɗauki shirin a Dallas ɗin gaske, ba kamar na da ba da yawancin cikin gida a Kalifoniya aka yi shi, hoton ya fi kyau nesa ba kusa ba. Amma gidan ya zama wurin wucewa, ana shiga ana fita da mukullin mota a hannu.

Larry Hagman ya rasu ranar 23 ga Nuwamba, 2012, a wani asibiti a Dallas, yana da shekara 81, kansar jini ce ta yi ajalinsa, ana tsakiyar ɗaukar zango na biyu. Na san da haka tun kafin mu fara kallo, ban gaya wa Umma ba. Masu shirin suka harhaɗa ragowar hotunansa da muryarsa, suka nuna shi yana waya da ɗansa daga Nuevo Laredo a Meziko, sai ƙarar bindiga sau biyu. An sake harbe J.R., bayan shekara 33.

Umma ko gezau. Ta ce ai an taɓa yi, tashi zai yi. Tana da hujja, don wannan shirin ne ya kashe Bobby a 1985, mota ta buge shi, aka binne shi, aka yi zango guda babu shi, sannan a 1986 Pamela ta farka da safe ta same shi a banɗaki yana wanka, aka ce duk shekarar mafarki ta yi. Wanda ya haɗiye wannan, me za a gaya masa?

Dole na tsayar da faifan.

"Umma, wannan karon ba wasa ba ne. Mutumin da kansa ne ya rasu. Na gasken."

Ta dube ni, ta dubi talabijin inda hoton ya daskare. "Yaushe?"

"An kusa shekara."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba."

Kashin jana'izar, wanda aka nuna a Amurka ranar 11 ga Maris, 2013, shi ne abu mafi kyau da sabon Dallas ya yi, kuma ba gwanintar marubuta ba ce kaɗai. An rage wa taken shirin gudu ya koma kamar kiɗan makoki. Tsofaffin fuskoki suka dawo, Gary ɗan'uwansu na tsakiya, Lucy, Ray, har matan da J.R. ya yaudara a shekarun baya. Sue Ellen ta shiga ɗakinsa da dare, ta ga kwalbarsa, ta yi ta kallonta, sannan ta zuba ta sha, bayan shekaru da tuba. Washegari a bakin kabari ta tsaya ta ce a buge take, ta karanta wasiƙar da ya bar mata. Duffy da Gray abokan Hagman ne na fiye da shekara talatin, suna tare da shi a asibiti a kwanakinsa na ƙarshe. Kukan da ke fuskarsu ba na haya ba ne, kyamara kawai aka kunna.

Ban fassara wa Umma ko kalma ɗaya a wurin nan ba, ba ta kuma nema ba. Da na waiga, ta ja gefen mayafi ta rufe hanci, kafaɗunta suna rawa. Ban san rabon J.R. nawa ne a kukan ba, rabon mai jan biro nawa ne. Ban tambaya ba. Can ta share ido ta ce, "Na yafe masa," kamar wadda ake bi bashi.

Ta daure ta kai ƙarshen zangon saboda tana so ta san wa ya yi harbin, kada a maimaita mata ta kaset ɗin ƙwallo. Da aka bayyana cewa J.R. ne ya shirya abinsa, ciwon daji ya kama shi ya san kwanansa sun ƙare, ya sa amintaccen yaronsa Bum ya harbe shi don a ɗora wa Cliff Barnes laifin a ɗaure shi, sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ta janye yafiyar.

Zango na uku ni kaɗai na kalla. Ta ce ba ta da sauran wanda za ta gaisar a ciki sai Sue Ellen, ita kuma ba ta son ganinta da kwalba. Ba ta yi asara ba. Aka shigo da gungun masu safarar ƙwaya daga Meziko, aka yi garkuwa da mutane, aka cinna wa Southfork wuta, shirin iyali ya koma na harbe-harbe irin wanda ke kowace tasha. Masu kallo sun riga sun ragu zuwa ƙasa da rabin na daren farko. Ranar 22 ga Satumba, 2014 aka nuna kashin ƙarshe, Christopher ya shiga motarsa ta tashi da wuta, aka rufe a kan za a ci gaba. Farkon Oktoba TNT ta ce ta soke shirin. Masoya suka yi ta kiraye-kiraye a intanet a ceto shi, ba tashar da ta ɗauka.

Kwanaki bayan na gama, ina shafa mata magani a gwiwa, ta tambaye ni yadda aka ƙare. Na gaya mata, har da motar.

"Mai kukan?"

"Shi."

"An nuna gawarsa?"

"Ba a nuna ba, Umma. Kuma ba za a ci gaba ba, sun rufe."

Ta taɓe baki. "To yana nan. Gidan da wanda aka binne ma ya fito daga wanka?" Ta miƙo ɗaya ƙafar. "Nan ma shafa, ta fi ciwo."